Katin Waliyyu

A Danwarai in aka tashi zancen Labbo, abu biyu ake faɗi. Na farko, albasarsa ba ta ruɓewa a rudu, rumbun ajiyar albasa, ko da ta kowa ta ruɓe. Na biyu, zuciyarsa dutse ce. Masu faɗin na biyun suna da hujjarsu: ranar da aka kai ɗansa na fari, Waliyyu, makwanci, ana dawowa daga maƙabarta ya wuce fadama ban ruwa. Tsofaffi kuwa cewa suke ba taurin zuciya ba ne, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Shekara ashirin da shida yaron ya yi a duniya, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakin uban. "Wancan" yake cewa, in ya matsu ya ce "yaron ga".

Shekara uku da rasuwar, zaɓe ya sake matsowa. Ma'aikatan hukumar zaɓe suka zo suka kafe takardun sunaye a bangon makarantar firamare, kowa da hotonsa, aka ce kwana bakwai za su yi. Wanda aka ɓata wa suna ya zo a gyara, wanda ya ga mamaci a ciki ya faɗa a cire. Suka zo kuma da akwatin katunan da masu su ba su karɓa ba tun wancan karon. Wata malamar makaranta daga Jega, Mufida, ita ke zama gindin dogon yaro da akwatin, kullum da hantsi ta bi sunayen tana kira.

Hanyar fadamar Labbo ta gefen makarantar ta bi. Ranar farko bai kalli bangon ba, amma ya ji.

"Waliyyu Labbo!"

Mufida baƙuwa ce, ba ta sani ba, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ga uban yana wucewa. Ta sake kira. A kira na uku Labbo ya ji an ce "Na'am," can ƙasa-ƙasa, daga wajen bangon. Ya tsaya. Ba kowa a wurin sai takardu suna motsi, alhali ko ganye ɗaya bai kaɗa ba.

Ya san ranar da aka ɗauki hoton nan. Tare suka je rajista Aliero. Aka ɗauki hoton yaron da yatsunsa goma, aka ba shi 'yar takardar shaida. Da aka zo kan Labbo na'ura ta ƙi yatsunsa, dashen albasa ya cinye zanen. Yaron ya kama hannun uban ya goga a goshinsa don ya sami maiƙo, ya danna masa a gilashin, ta karɓa. Labbo ya fizge hannunsa don mutane na kallo. Kafin katunan su fito, zazzaɓi ya kwantar da yaron.

Rana ta uku akuya ta cinye takardun ƙasa, rana ta koɗar da na sama har fuskokin suka zama kamar an wanke su. Labbo ya saci kallo. Hoto ɗaya ne bai koɗe ba, na yaron. Baƙi wuluk, idanu a buɗe, hular nan a karkace. Ya yi gaba, idanun suka raka shi har kwanar masallaci. Mata masu zuwa rijiya suka daina bi ta nan.

Alu, taubashinsa, ya same shi yana juya albasa a rudu.

"Tsoho mai ran ƙarhe. Kai ɗai ka rage ba ka ji ba, gari duk ya ɗauka. An ce ɗanka na amsa kira."

"Zancen mata na."

"To ni ma mace ni ke, don na jiya da kunnena. Labbo, katin ga ba a ba wani shi, sai mai shi ya zo da ƙahwatai. Shi ko ba shi zuwa. In ba a cire sunan ba, ran zaɓe ma yana nan manne, kowa ya zo neman lambatai sai ya gan shi. Haka za ka bar shi tsaye bakin bango, rana da ruwa?"

"Kai ka tahi ka hwaɗi."

"Na iya. Hakimi ma ya ce shi ba da shaida. Amma takardar asibiti na hannunka, kuma ni ban haihe shi ba."

Alu ya ɗauki albasa ɗaya ya jefa aljihu, ya ce ladan wa'azi ne, ya tafi.

Kwana na huɗu da na biyar Labbo ya sake hanya, ya zaga ta bayan gari. Bai tsira ba. Da hantsi ya yi, yana tsugune cikin fadama, ruwa na bin kwali, wato hanyar ban ruwa, sai ya ji amsar, ba tare da ya ji kiran ba. Murya ce ta wanda ya daɗe yana jira, ba fushi a cikinta, kuma wannan ne ya fi damunsa.

Rana ta bakwai ya buɗe adakarsa ya ɗauko takardar asibitin Jega, wadda bai taɓa warware ninkinta ba. Ya iske mutane kaɗan a gindin bishiyar, Alu na cikinsu. Mufida ta tashi ta ba shi bencinta.

"Sannu Baba. Katinka ne bai fito ba?"

"Nawa na nan. Na zo a cire wani. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Wane ne shi a wurinka?"

Ya dubi ƙasa. "Yaron gidanmu na."

Ta jawo takardar ƙorafi ta ɗora biro. "Sunansa?"

Ya miƙa mata takardar asibitin. Ta warware. Damina uku a adaka, laima ta shiga, tawadar ta bazu, hatimi kawai ake iya gani da kwanan wata.

"Baba, sunan ya goge. Kuma ba ni son in cire mai rai, ranar zaɓe ya zo na'ura ta ce babu shi. Faɗa mini in rubuta, in nemo lambarsa."

Alu ya buɗe baki, ya dubi Labbo, ya rufe.

Labbo ya juya wajen bangon. Hoton na nan. Sai ga wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba ya taso masa. Ranar ƙarshe a asibitin, da azahar, yaron ya yi ta kiran "Baba" daga kan gado. Ɗakin cike da surukai da maƙwabta. Labbo yana tsaye a waje jikin taga, yana jin kowane kira, yana jira mutane su ragu sannan ya shiga. Kafin su ragu kiran ya tsaya.

"Waliyyu," ya ce. Sunan ya fito a karye, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. "Waliyyu Labbo. Ɗana na. Na fari."

Hannun Mufida ya tsaya. Ta gane sunan da ta kwana bakwai tana kira, har a gaban mutumin nan. Ta rubuta a hankali, ta laluba akwatin ta zaro katin ta ware shi gefe, ta nuna masa inda zai dangwala yatsa. Ya dangwala. Tawadar ta fito shafe, ba zane.

Bai koma bencin ba. Ya taka har gaban bangon, kusa da yadda inuwarsa ta rufe takardar. Mutane suka kawar da kai. Sannan ya yi magana da ƙarfin da kowa ya ji:

"Waliyyu, na ji ka ran nan. Ina bakin taga, duk na ji. Ka yahe mini, ɗana."