Fuskar da ke Bayan Littafin

Marubucin da ke hango shekara dubu gaba ya fi ƙarfin a ɗauke shi hoto. Haka Marubuci ya shaida wa masu buga littattafansa. Da suka nace sai an sa fuska a bayan littafin, ya aika musu hoton ƙaninsa, tela, wanda ya fi shi gashi da kyan gani.

Labaransa duk na wasu duniyoyi ne can bayan taurari, amma bai taɓa wahalar ƙirƙiro dodo ba. Taga yake leƙawa, ya ɗauki maƙwabci, ya ƙara masa ƙafa huɗu. A sabon littafin, sarkin halittun da suka sauko cinye 'yan Adam yana da hakiya a ido ɗaya, yana ɗingishi, yana danna sikeli da babban yatsa in yana auna naman mutum. Mahaucin bakin kasuwa ba ya karatu, amma surukinsa ya karanta masa a gaban masu sayen nama, har da sauya murya.

Tela yana kan keken ɗinki yana haɗa hannun riga, mahauci ya shigo da 'ya'yansa biyu. Babban ya kara littafin a kuncin tela, ya dubi hoton, ya dube shi. Tela ya fara rantsuwa yayansa ne marubucin, shi ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Naushin farko ya mayar masa da sauran maganar ciki, tare da haƙori biyu. Suka kifar da keken, suka tattake shi cikin ƙyallaye. Mahauci ya tambaye shi da wane hannu yake rubutun. Tela ya cusa na dama, wanda yake riƙe almakashi da shi, a hammata, su kuwa suka ɗauka amsar ke nan. Suka shimfiɗa hannun a kan teburin yanka, suka yi ta sauke masa dutsen guga har yatsun suka daina kama da yatsu.

Marubuci ya zo asibiti da yamma, ya dubi bandejin, ya ce wannan shaida ce har yanzu ana karatu a ƙasar nan. Sannan ya sunkuyo.

"Ƙanina, da ƙashin ya karye, wace irin ƙara ya yi? Akwai babin da ya tsaya mini."

Tela ya juya ga matarsa. A hankali ya ce mata ta je shago ta mayar wa mutane yadinsu, ta ba su haƙuri.