Farar Fitilar Gi-tae

Gi-tae bai zaci gidan ibadar yana nan har yanzu ba. Dogayen benayen birnin Chungju sun zagaye shi, ya maƙale a bayan shagon faci, da tsohon rufinsa mai gansakuka da 'yar hasumiyar dutse da ta karkace. Shekara shida rabonsa da unguwar, tun ranar da ya ce wa mahaifinsa ba zai gaji shagon awara ba, ya bi jiragen kamun kifi.

Jiya gwaggonsa ta kira shi a waya. "Je ka ga abin da ubanka ya rataya," ta ce, ta kashe.

Saura kwana biyu bikin haihuwar Buda, tsakar gidan ta cika da fitilun takarda, kowace da 'yar takarda ɗauke da sunan mai ita tana lilo a ƙasa. Jajaye da koraye na masu rai ne. Farare, can gefe, na matattu.

Ya bi jerin fararen yana karantawa. Ya ga ta mahaifiyarsa. Ta kusa da ita kuwa sunansa ne, da rubutun mahaifinsa.

Wata tsohuwa mai shara ta tsaya. "Samari, wa kake nema?"

Ya nuna. "Ni ne wannan, Kaka."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Iyee! Mamaci da kumatu haka? Lallai ana ci a can." Da ta ga ya jawo tsani, dariyar ta ɗauke. "Kai, ajiye! Wanda ya rataya shi ke saukewa."

A lokacin ne mahaifinsa, tsoho Byeon, ya fito ta ƙofar gefe ta ɗakin ibada yana laluben takalmi. Ya rame. Ya kalli Gi-tae kamar mai tallan da ya ɓata hanya.

"Baba."

"Baƙo, ɗa ɗaya gare ni, ga shi can kusa da uwarsa. Da na ga bai zo jana'izarta ba, sai na ce ashe ya riga ta."

"Ina kan teku, Baba. Sai da muka sauka na ji."

"Yaushe kuka sauka?"

Gi-tae ya sunkuyar da kai. "Wata takwas ke nan."

Kunya ta juye masa fushi, ya jingina tsanin ya fara hawa.

"Ka taɓa ta da hannunka," in ji tsohon, "kada ka sake taka ƙofata."

Yatsunsa sun kusa kai wa takardar. Ya tsaya, hannu a sama. In ya tsinke, ya rasa uban. In ya bari, jibi duk unguwa za ta zo ta karanta. Ya daɗe a haka, sannan ya sauko hannu wayam.

Tsohon ya ture shi gefe, ya kama tsanin.

"Baba, za ka faɗi!"

"To riƙe mana, shashasha. Me aka koya maka a jirgin?"

Tsohon ya hau a hankali yana nishi, ya kwance takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Ɗan'uwa, in kawo jar fitila?" tsohuwar ta tambaya daga ƙasa.

"Tukuna," in ji Byeon. "Sai ya fara zuwa kabarin uwarsa."