Notin da Aka Kwance

Barau direba ya sake danna maɓallin sitata, motar ta yi tsit kamar ba da ita yake ba. Rana ta take a kasuwar Jega, an gama lodin buhunan gyaɗa, mutane sun yi da'ira suna kallo, don a wancan zamani motoci a ƙasar ba su wuce na Nasara da na 'yan kasuwa ƙalilan ba. Ƙarfen da ake murzawa a tayar da inji da hannu ma an neme shi an rasa.

Jikinsa ne kawai a nan, hankalinsa yana Maiyama. Matarsa Mairama ta tafi goyon ciki gidan iyayenta tun kafin kaka, bai sake sa ta a ido ba. Shekaranjiya wata mai fura 'yar garinsu ta raɗa masa cewa baƙo ya sauka lafiya, namiji. Ga shi yanzu gobe ne suna. Tun daga lokacin yake jin kewarsu har cikin ƙashinsa. Yana so ya ga ko yaron ya ɗauko goshinta. Amma ɗan fari ne, da wane baki zai dubi maigidansa Alhaji Lawali, mai motar, sa'an mahaifinsa, ya ambaci zancen? Ko sunan yaron ba zai taɓa kira ba. Ga shi Sakkwato suka nufa, Maiyama kuwa tana baya.

Ya haɗiye abinsa ya kama aiki, don Barau ba ya ha'inci da ƙarfe. Ya kunna fitila, ta haska tangaran, ke nan batir da ƙarfinsa. Ya goge kawunan batir ya ɗaure. Ya bi babbar waya da yatsa har zuwa ɗan akwatin ƙarfen da ke miƙa wuta ga sitata, ya gitta sufana a kan ƙusoshinsa biyu. Tartsatsi ya tashi, sitata ta yi gurnani, 'yan kallo suka watse, wani mai tallan goro har da barin faifai. To, sitata ma lafiyarta lau. Saura siririyar wayar da ke kawo umarni daga maɓalli.

Ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Ga ta nan tana lilo. Ya duba bakinta ko ɓera ne, ko tsatsa, ko gugar hanya. Babu ko ɗaya. Zoben bakin wayar yana nan garau, zaren ƙusar yana ƙyalli. Girgizar hanya ba ta kwance noti ta kuma ajiye shi a tsanake a kan ƙarfe, a inda mai nema zai gani. Hannun mutum ne ya yi wannan, mutumin da ya sha tsayawa a kansa yana kallon yadda yake gyara.

Ya daɗe a kwance da notin a tafin hannunsa. Gyaran ba zai kai tsawon alwala ba.

Da ya fito, ya tarar Alhaji Lawali yana zaune a inuwar mota, ya juya masa ƙeya yana ɓare goro. Dattijon bai tambayi abin da aka gano ba.

"Barau, ni wagga mota na san halinta," in ji shi. "In ta yi hushi, ba ta tashi sai jibi. Kak ka matsa mata."

Barau ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Haka ne, Baba."

"Ga kekena can bisa kaya, zaman banza shikai. Ka tahi ka nemo muna waya mai kyau. An ce akwai ta wajen Maiyama."

Duk wanda ke wurin ya san mutanen Maiyama ko allura sai sun zo Jega suke saye. Babu wanda ya yi dariya. Barau ya jefa notin a aljihu, ya hau bisa buhuna ya fara kwance igiyar keken.