Rabin Baitin Ƙaddur

"Danna jan maɓallin nan, Bahta, sannan don Allah ki kama bakinki."

Haka Ƙaddur ya ce mini, yana jingine da matasai, ni kuma ina riƙe da tsohuwar rikodarsa dab da bakinsa, don matarsa Haira ta ce ba za ta iya ba. Ni da na baro miyata a kan wuta na zo taimako, ni ake cewa in kama baki. Na danna.

Ya ɗauko waƙar da 'yar muryar da ciwon huhu ya rage masa. Sabuwa ce, ban taɓa jiyo ta ta bango ba. Ya kai rabin baiti sai ya tsaya cik, yana ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zobensa. Na ɗauka kalma ce ta ɓace masa, sai na jefa masa wata da nake ganin ta dace. Ya harare ni.

"Wa ya sa ki? Wurin Milud ne wannan."

Sai da muka sake daga farko.

Milud ƙanensa ne. Duk wanda ya yi aure a birninmu na Wahran a zamanin kaset ya san 'ya'yan Bu'alam. A cikinsu babu wanda ya taɓa rera baiti guda shi kaɗai: yayan ya tayar, ƙanen ya sauke. Haka suke tsara waƙa, haka suke ɗaukar ta, makirfo ɗaya, goshi na neman taɓa goshi. Bango ne kawai tsakanina da su a unguwar Sidi Hawari tun ina amarya, kuma a saman soro suke gwaji, cikin shanyata. Na zage su iya zagi a kan zannuwan gadona da ke komawa ɗaki da warin taba. Yau da za su dawo su ƙona zannuwan ma, wallahi ba zan ce uffan ba.

Da kasuwar kaset ta mutu, Milud ya haye teku zuwa birnin Marsiliya a ƙasar Turawa, wai zai ci gaba shi kaɗai. Ƙaddur ya yi dariya har da tari, ya ce mutumin da bai san farkon ko waƙa ɗaya ba, sai dai in Turawa wutsiyar waƙa suke saya. Maganar ta kai kunnen Milud, kuma ta zauna masa a rai. Tun daga nan sai gaisuwar sallah a waya. Milud ya ƙare a tuƙin motar kaya, Ƙaddur ya rataye molonsa a bayan ƙofa.

Da likita ya sallamo Ƙaddur gida ba tare da sabon magani ba, duk muka gane. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, su yi waƙar nan tare da ƙanensa ko da a kan gadon ne. Haira ta kira, Milud ya ce yana nan tafe, hutu yake jira a ba shi a wurin aiki. Na fizge wayar na wanke shi tas, na ce masa huhun yayansa bai san hutun Bature ba. Sai ya tambaye ni ko Ƙaddur ne da bakinsa ya neme shi. Kai, maza! Na ce da bakinsa, maza ya tashi ya nemi jirgin ruwa.

Ƙaddur bai yarda jirgin ruwan zai riske shi da rai ba, shi ya sa ya sa aka zaro rikodar. Ranar ya yi baitoci da dama, kowanne ya bar wa ƙanensa fili, yana auna tsawonsa da zoben. Waƙar ta wani mutum ce da ke tsaye a tasha yana duba fuskokin masu saukowa. Ya ja numfashi zai ɗauko baitin ƙarshe, murya ta ƙi. Na kai yatsa zan kashe, ya girgiza kai, sai na bar kaset ɗin yana juyawa har ya ƙare. Ya ce gobe zai ƙarasa.

Bai ƙarasa ba. Da hantsin Laraba ya cika, Haira na shafa masa ruwa a leɓe, masu kifi na ta talla a ƙarƙashin taga. Bayan la'asar aka kai shi. Milud ya iso ranar sadakar uku, ya tarar muna zuba kuskus a manyan farantai. Na tanadi maganganu masu zafi, amma da na ga furfurarsa, yana tsaye da jaka a ƙofar gidan da aka haife shi kamar baƙo, sai kuka ya ci ƙarfina.

Da masu gaisuwa suka ragu, Haira ta miƙa masa rikodar. Ya hau soro da ita, na bi shi da gahawa. Ya rage sauti saboda masu zaman makoki, ya kunna.

Muryar Ƙaddur ta fito, ta tsaya, zobe ya soma ƙwanƙwasa. Milud ya bar filin farko ya wuce, na biyu ma haka. Daga nan ya shiga a hankali, murya a dushe. Bai taɓa jin waƙar ba, amma kalmomi na zuwa masa, yana saukewa daidai inda zoben ya tsaya. Na tsaya da tire a hannu, kewar Ƙaddur ta kama ni.

Sai aka ji Ƙaddur ya ja numfashi. Milud ya gyara zama, ya matso kusa.

"Tayar mana, Yaya," ya ce.

Na san abin da ya rage a kaset ɗin, ban faɗa ba. Kaset na ta juyawa shuuu, Milud na zaune da baki a ɗan buɗe, ya karkata kunne yana jira.