Kujerar Tenquil

Yasna ta rungume akwatin littattafai lokacin da jirgin ruwan ya bugi katakon gaɓa. Yayyafi bai tsaya ba tun da suka baro Pumol, tsibirin da aka ba ta riƙon ɗakin karatunsa kwanan nan.

"Sauka mana, 'yar boko," in ji Baba Belarmino mai jirgin. "Ko sai na shimfiɗa miki darduma?"

"Baba, ai ba nan ne wurin taron ba."

"Na sani. Nan Tenquil ne. Kai musu sabon akwati ki karɓo tsohon. Ni gwiwata ta daina shiri da tudu."

Ɗakunan karatu bakwai na tsibiran ne suka haɗu a ƙungiya ɗaya. Tare suke sayen littattafai, jirgin nan kuma ya zaga da su daga wannan gaɓa zuwa waccan. Gwamnatin lardi ce ke zuba wa jirgin mai, bisa sharaɗin kada ɗakunan su kasa bakwai. Kowane ɗaki yana da kujera ɗaya da ƙuri'a ɗaya a taro. Yasna ta haddace dokokin nan kaf, don yau ne taronta na farko, kuma tana tsoron a tambaye ta abin da ba ta sani ba.

"Zan ga Malam Eliseo ke nan," ta ce. Sunan mai kula da ɗakin Tenquil ne, ta sha ganinsa a rahoton taro.

Baba Belarmino ya ɗaure igiya, ya sake kwancewa, ya sake ɗaurewa.

"Eliseo ya rasu tun sanyin bara."

"To wa ke amsa sunan Tenquil a taro?"

"Karɓa-karɓa ake yi. Yau ke ce. Kuma an ce mutumin lardi zai zo da kansa." Ya dube ta. "Kada ki zare min ido, yarinya. Je ki dawo kafin ruwan teku ya janye."

Ta hau tudun. Gidajen katako na tsaye a jere, an buga wa tagoginsu allo. Mutanen sun bi aikin gonakin kifi zuwa babban gari, har karnukansu. Babu abin da take ji sai takunta da numfashinta. A ƙarshen layin, hayaƙi na fita daga rufin ɗakin karatu.

Ƙofar a buɗe take. A kan teburi, a kan benci, har a kan dakalin taga, littattafai ne a buɗe, fuska sama, kamar masu karatu sun tashi gaba ɗaya yanzun nan. Wata tsohuwa cikin baƙin mayafi tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta lasa yatsa, ta juya shafi, ta wuce na gaba.

"Sannu da aiki, Inna."

"Ajiye can kusa da murhu, 'yata. Ke ce sabuwar Pumol? Ni ce Clorinda, matar Eliseo."

"Duk ke kike karanta waɗannan?"

Tsohuwar ta yi dariya ba sauti. "Ni? Ko sunana aka rubuta sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Danshi ke cin su in ba a buɗe su sun sha iska ba."

"To wa ke aro? Ban ga kowa a garin ba."

"Shi mana, Eliseo." Ta nuna wata kujera a gefen taga da haɓarta. Matashin kujerar ya lotsa a tsakiya. "Da hantsi yake zuwa. Wanda na tarar a rufe, ya gama da shi ke nan, sai in sa a akwati."

Yasna ta ce wa kanta iska ce ke rufe su. Ta duba tagar. An buga mata ƙusa.

"Inna, ki zo mu tafi taron," ta ce, bakinta na sauri. "Doka ta yarda ɗaki ya naɗa sabon wakili. Ki zauna a kujerarku, shi ke nan babu wanda zai yi ƙarya."

"In kulle ƙofa in tafi? Ya zo ya tsaya a ruwa?" Ta naɗe wainar dankali a tsumma ta cusa mata a aljihu. "Ki ci a hanya, kin rame. Ki gaya wa shugabarku Uberlinda ta daina aiko masa littattafan kiwon kaji. Ba ya taɓa su."

A jirgi Yasna ba ta ci wainar ba. Tunanin yaran Pumol take yi, yadda suke jeruwa a gaɓa ranar akwati, suna rigimar wanda zai ɗauka. In jirgin ya tsaya, abin da zai rage mata 'yan littattafai ne kumburarru da kowa ya karanta har ya gaji.

A zauren cocin babban tsibiri ake taron. Malama Uberlinda, shugabar ƙungiyar, ta tare ta a bakin ƙofa ta riƙe mata gwiwar hannu.

"Belarmino ya faɗa miki?"

"Malama, ban iya ƙarya ba. Muryata rawa take yi."

"Tawa ma ta yi rawa ranar farko. Ki sunkuyar da kai, ki yi ta ƙasa-ƙasa. Mutanen lardi takarda suke kallo, ba fuska ba."

"In ya ɗago fa?"

"To sai mu koya wa littattafan iyo," in ji wani mai gemu, wakilin wani tsibirin, yana zuƙar shayin ganyen mate. Babu wanda ya taya shi dariya.

Suka zauna kewaye da dogon tebur. Kujerar Tenquil tana hannun hagun Yasna, an ɗan ja ta baya kamar yadda ake yi wa wanda ya fita zai dawo. Jami'in lardi ya zauna can gefe da jiƙaƙƙen takalmi, yana goge tabarau da bakin rigarsa.

Malama Uberlinda ta fara kiran suna. Aka yi ta amsawa.

"Pumol."

"Muna nan," in ji Yasna.

"Tenquil."

Ruwa na ɗiga daga rufi cikin wani bokiti. Yasna ta tuna hayaƙin, da yatsan da ke juya shafi. Ɗakin a buɗe yake, da wuta a murhunsa. Wannan kam ta gani da idonta. Ta sunkuyar da kai.

"Ana nan," ta ce. Muryar ba ta yi rawa ba.

Jami'in ya mayar da tabaransa.

"Ku yi haƙuri, Malama. An ce in ƙirga da kaina."

Ya ɗaga biro yana nuna su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Ya nuna mai gemu. Ya nuna Yasna. Biron ya matsa hagunta ya tsaya. Jami'in ya ɗan rusunar da kai, irin gaisuwar da ake yi wa dattijo, sannan ya wuce.

"Bakwai cif," ya ce, ya rubuta. "Ku ci gaba."

Babu wanda ya motsa. Mai gemu ya ajiye shayinsa a hankali kamar kada ya tashi wani daga barci. Malama Uberlinda ta yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito.

"Batu na farko, sabunta yarjejeniyar jirgi. Wanda ya amince ya ɗaga hannu."

Yasna ta ɗaga nata. Ta kafa idonta a kan katakon tebur, ba ta dubi hagunta ba, ba ta ɗago ba sai da aka ce a sauke.