Masu Duba Asarar Yaƙi

"Gyara min bakin zanen nan, 'yar nan, kada su zo su ɗauka mahaukaciya ce."

Na gyara wa Iya Ponnamma, maƙwabciyata. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, amma ta kafe sai an fitar da ita bakin hanya. Jiya aka yi shela a gandun roba cewa gwamnati ta turo masu duba asarar yaƙi, za a biya diyya.

"Ni ba kuɗinsu nake so ba," ta ce. "Su dai ce min Sinnaiya ya mutu, in kunna masa fitila, in huta."

Sinnaiya ɗanta ne tilo. Lokacin yaƙi Japanawa suka tafi da shi aikin layin dogo a ƙasar Siyam, daga nan shiru. Mu kuwa ba ma kunna wa mutum fitilar mamaci sai an tabbatar. In yana raye, ai ka kashe shi da hannunka.

Na zaunar da ita kan kututturen roba, cikin waɗanda muka sare lokacin yunwa muka shuka rogo. Da hantsi sai ga su, Turawa biyu, da Kuttan akawu riƙe da bokitin farar ƙasa.

"Ranku ya daɗe, ɗana ne. Yana da tabo a goshi..."

"Iya, ɗan tashi," in ji Kuttan.

"Sinnaiya fa! Ka san shi, Kuttan."

Ya kasa haɗa ido da ita. "Itatuwa suka zo dubawa, Iya. Asarar kamfani. Har wannan da kike kai."

"To, mutane fa?"

"Ba a ce mutane ba."

Wayyo ni! Na so ta zage su, da na taya ta. Sai kawai ta dafa ni ta miƙe, ta sa bakin zanen da na gyara mata ta kaɗe musu kututturen. Kuttan ya shafa masa fari, alamar an ƙirga shi, suka wuce.

Ba ta sake fitowa ba. Ranar da za ta cika, ina ɗiga mata ruwan shinkafa a baki, ta riƙe min hannu.

"Kada ki kunna fitilar Sinnaiya. Ƙila yana hanya."

Da muka dawo daga binne ta, na shiga ɗakinta na kunna mata fitila. Kusa da ita ga wata, ta Sinnaiya, cike da mai, lagwaninta fari fat.