Ruwa a Tsaye a Tankin Guguwa

Guguwa ake ce masa, don ba a taɓa ganin ya zauna ya shanye kofin shayi ba. Mai walda ne, shagonsa na bayan garejin manyan motoci. Shekara ashirin yana ƙera ƙofofi da tagogi kafin a ba shi aikin da ya fi duk wanda ya saba: tankin ruwa na ƙarfe, tsayin mutum biyu, na wata sabuwar makarantar kwana.

Ranar da ya gama, Injiniyar da ke kula da ginin ta zo, ta zagaya tankin, ta miƙa masa takarda.

"Gobe da la'asar zan dawo, Malam. Ba zan sa hannu ba sai an yi abin da ke layi na bakwai."

"Ba damuwa, ranki ya daɗe," in ji shi, bai ko duba ba.

Sai da motarta ta sha kwana ya bi layin da yatsa. Kalma biyu ce ta Turanci, hydrostatic test. Ta biyun ya san ta, gwaji ke nan. Ta farkon kuwa ko a mafarki bai taɓa gamuwa da ita ba. Ya ɗauka wani inji ne da za a ce ya nemo kafin gobe.

Ya fara da maƙwabcinsa, makaniken da ke gyaran tarakta. Mutumin ya goge hannu, ya ƙura wa takardar ido.

"Wannan ai giyar tarakta ce. Irin na zamani, ba kuloci, mai ne ke tura su."

"Ni tanki na ƙera. Ba inda za shi."

"To, ni dai nan na san ta."

Ya tsallaka titi wurin mai kemis. Shi kuma ya gyara tabarau ya ce sun yi ta a makaranta, matsin jini ne a cikin jijiya, wani lokacin shi ke kumbura ƙafa. Ya dubi gumin da ke goshin Guguwa ya ƙara da cewa, "Zauna ma in auna ka." Guguwa ya karɓe takardarsa ya yi waje.

Saura mutum ɗaya, kuma ita yake gudu tun farko: yayarsa, wadda ta koyar da kimiyya shekara talatin kafin ta yi ritaya. Ba ta amsa tambaya a tsaye. Ya same ta a baranda tana ba tukwanen furanninta ruwa.

"Yaya, sauri nake. Wannan kalmar kawai."

"Zauna, Auta."

Ya ɗosana a bakin kujera. Ta karanta takardar tun daga layi na ɗaya, ya ji kamar ya fizge.

"Su ma Turawan aro suka yi daga Girkawa," ta ce. "Kanta ruwa, wutsiyarta tsayuwa. Ruwa a tsaye ke nan, wanda ba ya gudu. Siffa ce, ba ta tafiya ita kaɗai, sai an jingina ta da wani abu, ko gwaji ko matsi. In ka ƙara mata harafin s a ƙarshe, ta zama sunan ilimin gaba ɗaya."

"Makanike ya ce giya ce. Mai kemis ya ce jini."

"Ba wanda ya yi ƙarya. Kowa ya gaya maka inda ya gamu da ita ne. Da mai da jini da ruwa, duk suna tura abin da ya tsare su."

"Ruwan da ke zaune me zai tura?"

Ta ɗauko robar ruwa, ta huda ta wuri uku da ƙusa, sama da tsakiya da ƙasa, ta cika ta. Hujin sama ya riƙa tsiyaya kamar mai jin kunya. Na ƙasa ya yi tsartuwa har ya jiƙa masa takalmi.

"Ka gani? Na ƙasa shi ke ɗauke da nauyin duk na samansa."

"To wane inji zan nemo?"

"Tiyo. Ka cika tankinka, ka ja layi da alli a bakin ruwan, ka bar shi awa huɗu. Ga shi nan a rubuce a ƙasa, ba ka kai can ba ne."

Washegari motar ruwa ta zo a makare, sai wajen sha ɗaya da rabi tanki ya cika. Ya hau tsani ya ja layinsa, ya sauko. Daga nan ba abin yi. Ya share shago, ya sake sharewa. Ya jera sandunan walda bisa tsawonsu. Ya hau tsani sau shida, ruwa yana nan inda yake. Makanike ya leƙo ya tambaya ko tankin ya shiga giya, Guguwa bai kula shi ba.

A awa ta uku ya durƙusa ya bi ɗinkin waldar da ke ƙasan tankin da tafin hannu. Can ta bayan tankin ya ji sanyi. Wani siririn layi ne, bai kai tsawon yatsa ba, yana gumi. Ya san wurin. Ranar da ya yi shi wuta tana ta ɗaukewa, ya ja waldar da sauri don ya gama kafin ta sake tafiya.

Ya goge da tsumma. Ya ƙirga goma, gumin ya dawo. Akwai gam ɗin ƙarfe a kan kanta, da ragowar fenti, kuma wurin yana fuskantar bango. Ya ɗauki gam ɗin ya juya shi a hannu, ya tuna yara ɗari uku ne za su sha daga tankin nan, a kan hasumiya za a ɗora shi, kusa da ɗakin kwanansu. Ya mayar da shi inda ya ɗauko.

Da Injiniya ta iso, ta hau ta duba layin alli. Ruwa bai sauka yadda ido zai gane ba. Ta ciro biro.

"Ranki ya daɗe, kafin ki sa hannu, zo ki ga wani abu."

Ta tsuguna, ta taɓa, ta dubi yatsanta.

"Sai an zubar da ruwan duka, ya bushe, ka kankare, ka sake ɗinki. Sannan wata awa huɗun."

"Na sani."

"Jibi, to."

Ruwan bai tafi a banza ba. Masu wankin mota da matan layin suka zo da bokitai da jarkoki, har aka yi ɗan faɗa a kan layi. Guguwa ya kankare wurin, ya yi waldar sau biyu, ciki da waje.

Jibin, ɗinkin ya fito a bushe ƙaƙas. Injiniya ta sa hannu, aka kira babbar mota mai ƙugiya ta ɗaga tankin. Guguwa ya bi ta a ƙafa har bakin titi yana yi wa direba ihu ya rage gudu a kan ramuka.